Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sashen Bunƙasa Ƙwallon Ƙafa Na FIFA: Da Yau Jorge Campos Zai Zo Gwaji, Za A Ɗauke Shi?

Zuwa ga shugaban sashen, Arsène Wenger, da ƙwararrun da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni mai koya wa yara ƙwallo ne a filin unguwa. Ba ni da takardar shaidar da za ta sa a buɗe mini ƙofa a Zurik, hedikwatar FIFA, shi ya sa na zaɓi in yi muku magana a bainar jama'a, da harshen da nake yi wa yaran magana da shi. In wasiƙar ta iso gare ku, madalla. In ba ta iso ba, masu horar da yara irina za su karanta, kuma su ma zancen ya shafe su.

Labari ya iske mu cewa a ƙarshen 2022 FIFA ta ware dala miliyan 200 domin zaƙulo yara masu baiwa, kuna ta buɗe makarantun ƙwallo ƙasa-ƙasa, burinku shi ne duk yaron da Allah ya ba baiwa ya samu dama. Niyya ce mai kyau, Allah ya cika muku ita. Sai dai akwai gurbi ɗaya a fili da ake yanke wa yaro hukunci tun bai taɓa ƙwallo ba, wato tsaron gida. A jingina shi da bango a auna, a tambayi tsayin uwa da na uba, wasu wuraren har hoton ƙashin wuyan hannu ake ɗauka don a ƙiyasta inda girmansa zai tsaya. In lissafi bai doshi mita 1.90 ba, sai a dafa kafaɗarsa a ce ya yi ƙoƙari. A kan wannan nake so in kawo muku shaida guda, mutumin da kuka sani sarai, wanda ma kukan gayyata wasannin tsofaffin taurari.

An haifi Jorge Campos a watan Oktoban 1966 a Akapulko, birnin bakin teku da ke jihar Guerrero a ƙasar Meziko. Tsayinsa bai wuce wajen mita 1.70 ba, ga raga mai faɗin mita 7.32 da tsawon mita 2.44. A 1988 ya fara buga wa Pumas, ƙungiyar babbar jami'ar ƙasar da ke birnin Meziko, sai ya tarar gida yana da mai shi. Adolfo Ríos ne ke tsaye a raga, gola ne na gaske wanda shi ma ya tsaya wa ƙasarsa, ba wanda zai tayar da shi saboda wani ɗan yaro gajere. Abin da aka saba gani a irin wannan hali shi ne yaro ya dumama benci shekara uku, in ya gaji ya tafi ƙaramar ƙungiya, labarinsa ya mutu a can. Campos bai yarda da haka ba. Ya roƙi kocinsu, Miguel Mejía Barón, ya sa shi a gaba, kocin ya amince. A kakar 1989/90 mai tsaron gidan da ke jiran layi ya zura ƙwallo 14 a gasar ƙasar, har ana lissafa shi cikin masu neman kambun cin ƙwallaye.

Da Ríos ya koma Veracruz, Campos ya karɓi safar hannu, kuma a kakar 1990/91 Pumas ta ɗauki kofin ƙasa bayan ta kayar da América, babbar abokiyar gabarta, da bugun tazarar Ricardo Ferretti a karawa ta biyu. Cikin shekara biyu mutum ɗaya ya ci wa ƙungiya ƙwallaye ya kuma tsare mata gida har ta ɗaga kofi.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin masu ba da wannan labari sukan ba da shi kamar abin dariya, wai ga gola yana wasa a gaba. Ni a ganina babu wata makarantar tsaron gida da ta fi waccan kakar da ya yi yana farautar raga. Wanda ya taɓa tunkarar gola da ƙwallo a ƙafarsa ya san abin da ke faruwa a zuciyar ɗan wasan gaba. Ya san lokacin da mutum kan sunkuyar da kai ya dubi ƙwallo, ya san taɓin da kan ɗan yi nisa da ƙafa, ya san yadda raga ke ƙanƙancewa a idon mai bugu idan gola ya taso masa da gudu. Waɗannan abubuwa ba a koyonsu ta hanyar tsayawa tsakanin turaku biyu koci yana jefo maka ƙwallo dama da hagu. Campos ya koma raga ya riga ya san sirrin maƙiyinsa. Yabon farko kuwa na Mejía Barón ne, wanda bai ce wa yaron ya koma inda aka rubuta sunansa ba.

Sai kuma zamani ya zo ya same shi a shirye. Kun fi ni sanin yadda gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya ta gundiri jama'a, ƙwallo 115 kacal a wasa 52, 'yan baya na mayar wa gola ƙwallo yana rungumewa yana kwanciya a kai. A 1992 aka kafa dokar da ta hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Manyan masu tsaron gida da yawa a Turai suka shiga uku, ƙwallo na zuwa musu sai su ɗirka ta duk inda ta ga dama. Campos kuwa gaba ta kai shi. Ya tare da ƙirji, ya yanke mai matsa masa, ya ɗaga kai ya ba da ita inda ya so.

Ku duba yadda yake tsare gidan. Gajeren gola ba shi da ikon zama a kan layi yana jiran bugu, domin kusurwar sama ta fi ƙarfin hannunsa. Dole ya fito. Duk takun da ya yi zuwa ga mai ƙwallo yana rage wa mai bugu wurin da zai saka ta, don haka abin da tsawo ya hana shi sai ya same shi da ƙafa da saurin karanta wasa. Campos yakan tsaya can bakin yadi na 18, wani lokaci har waje, yana share duk ƙwallon da aka cilla bayan 'yan bayansa, abin da ke ba su damar matsawa gaba su takure abokan karawa. Ga tsalle kamar an ɗana shi. In ya cafke ƙwallo ba ya kwanciya a kanta, kafin abokan hamayya su juya ya riga ya jefa wa na gefe, ko ma ya ajiye ta ƙasa ya ja da kansa. Haɗari ne? Ƙwarai kuwa, kuma akwai ranakun da ya biya kuɗin wannan ganganci. Amma yau me ake nema a wurin gola in ba wannan ba? Abin da aka yi ta yaba wa Manuel Neuer a kai a 2014, abin da ya sa Manchester City ta sayi Ederson, wanda shi ma a ƙuruciyarsa ɗan baya ne na hagu, abin da gyaran dokar bugun gida na 2019 ya ƙara wa muhimmanci, shi ne Campos ke yi shekara 20 kafin nan, ana kiransa mahaukaci.

Kada a ce wasan burgewa ne kawai, ga sakamako. A 1993 aka fara gayyatar Meziko gasar Copa América, kuma a zuwanta na farko ta fitar da mai masaukin baƙi Ekwado a wasan kusa da na ƙarshe, ta je wasan ƙarshe a Guayaquil, inda Ajantina ta sha da ƙyar da ci 2-1, duka biyun Gabriel Batistuta ne ya ci. A watan Yulin shekarar dai suka koma gida suka ɗauki kofin Gold Cup, suka lallasa Amurka 4-0 a filin Azteca. A ƙarshen shekarar hukumar IFFHS mai tattara tarihi da alƙaluman ƙwallo ta sa Campos na 3 a duniya, Peter Schmeichel da Sergio Goycochea kaɗai ne a gabansa. A 1996 ya sake ɗaukar Gold Cup. A watan Agustan 1999 yana raga lokacin da Meziko ta doke Burazil mai Ronaldinho da Dida da ci 4-3 ta ɗauki kofin zakarun nahiyoyi, gasar da ku FIFA kuka shirya da hannunku. Ya buga wa ƙasarsa wasa kusan 130, ya ci ƙwallo fiye da 30 a ƙungiyoyin da ya yi wa wasa.

Mu 'yan Najeriya ba a bakin wani muka ji labarinsa ba, mun ci karo da shi. A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Meziko ta faɗa rukuni ɗaya da Italiya da Ailan da Norwe, dukansu huɗun suka ƙare da maki huɗu-huɗu, amma Meziko ce ta zo ta ɗaya. Ranar 5 ga Yuli, ranar da Roberto Baggio na Italiya ya karya mana zuciya a kusa da Boston, a ranar ce Meziko ta kara da Bulgeriya a New Jersey, Bulgeriyar nan da Yekini da Amokachi da Amuneke suka yi wa 3-0. Wasan da har ƙarfen raga ya karye aka tsaya canja ta. Aka tashi 1-1, aka je bugun fenareti. Campos ya yi nasa, ya tare bugun Krasimir Balakov, amma 'yan uwansa uku suka ɓarar, aka fitar da su da ci 3-1. Mu da su rana ɗaya muka haɗa kaya. A watan Janairun 1995 a Riyad, a gasar kofin Sarki Fahad, muka haɗu da su a neman matsayi na uku, aka yi kunnen doki 1-1, suka cinye mu 5-4 a fenareti. Muka rama a Olamfik ta 1996, a birnin Birmingham na jihar Alabama, inda Jay-Jay Okocha da Celestine Babayaro suka ci shi biyu ba ko ɗaya a hanyarmu ta zuwa zinare. Shi ne a raga a ranar, yana cikin manya ukun da doka ta yarda a ƙara wa matasan tawagar Olamfik. Duk wanda ya kalli waɗannan wasanni ya san ba a taɓa shiga fili ana cewa yau banza ta faɗi, golansu gajere ne.

Yanzu bari in faɗi abin da za ku ce, tun kafin ku faɗa. Za ku ce tsawo ba ƙarya ba ne. Gaskiya ne. Wanda ya ga abin da Thibaut Courtois ya yi wa Liverpool a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2022 ba zai ce dogon hannu ba shi da rana ba. Za ku ce a gasar cin kofin duniya ta 1998, a Montpellier ta Faransa, bayan Meziko ta tsallake rukunin da ke da Holan da Beljiyam da Koriya ta Kudu ba tare da an doke ta ba, har Luis Hernández ya fara cin Jamus, da ka Oliver Bierhoff ya kore su gida. Haka aka yi, ko da yake ni ban ga golan da zai taɓa waccan ƙwallo ba, kuma ta farkon da Jürgen Klinsmann ya ci kuskuren mai tsaron baya ne. Za ku ce bai taɓa buga wa wata ƙungiyar Turai ba, iyakarsa Meziko da Amurka: Pumas, Atlante, Los Angeles Galaxy, Cruz Azul, Chicago Fire, Tigres, sai Puebla inda ya rataye safar hannu a 2004. Duk na yarda. Har ma zan ƙara muku da cewa a Chicago a 1998 wani ƙaton gola, Zach Thornton, ya ƙwace masa gurbi, kuma da shi ƙungiyar ta ɗauki kofi.

Ban ce a daina son dogo ba. Abin da nake cewa shi ne, tsawo ya samu wannan girma ne saboda shi ne abin da ya fi sauƙin aunawa. Kowa na iya riƙe tef ɗin awo. Amma gane yaron da ke hango inda ƙwallo za ta faɗi tun tana ƙafar mai bugu, wanda ba ya runtse ido in an taso masa, wanda ke iya yi wa yayyensa tsawa a baya su ji, wannan sai mai ido da haƙuri, kuma sai an bar yaron ya yi wasa. Mai neman yara ya san in ya kawo dogo abin bai yi ba, ba wanda zai zarge shi. In ya kawo gajere aka ɗaga masa ƙwallo ta sama sau ɗaya, aikinsa ne a kan siraɗi. Don haka kowa ke kare kansa, asarar kuma ba ta fitowa a kowane lissafi, tunda yaron da aka kora yana ɗan shekara 13 ba wanda zai san abin da zai zama.

Kuma Campos ba tsautsayi ba ne da ya faru sau ɗaya. Wanda ya gaje shi, Óscar Pérez, da suke yi wa laƙabi da Zomo, tsayinsa mita 1.72 ne. Shi ya tsaya wa Meziko a gasar cin kofin duniya ta 2002, Campos na benci, shi ya sake tsayawa a 2010 a Afirka ta Kudu. A 2016 ya ɗauki kofin ƙasa da Pachuca yana da shekara 43, shekara guda bayan haka ya je gaba a ƙarshen wasa ya ci tsohuwar ƙungiyarsa Cruz Azul da ka. Ku lissafa: daga 1994 zuwa 2010 an yi gasar cin kofin duniya sau 5, a 4 daga ciki gajeren gola ne ya tsare wa Meziko gida, kuma ba a taɓa fitar da ita a rukuni ba. Ƙasashe nawa ne masu zaratan dogaye za su iya bugun ƙirji da irin wannan? Namu Vincent Enyeama ma ba dogo ba ne a ma'aunin yau. Shi ne ya hana Messi sakat a 2010, shi ya ɗauko mana kofin Afirka a 2013, a shekarar kuma ya yi wasa 11 a jere a Lille ba a ci shi ba. David Raya na Arsenal an daɗe ana yi masa gorin tsawo kafin ya fara tara kyautar safar zinare.

Amma ku dubi inda iska ta kaɗa, har a Mezikon kanta. A 2013 da 'yan ƙasa da shekara 17 na Najeriya suka doke su 3-0 a wasan ƙarshe na kofin duniya a Abu Dhabi, golansu Raúl Gudiño ne, mai tsayin mita 1.95, kuma bai cika shekara da gama gasar ba Porto ta ɗauke shi. Ban rage wa yaron komai ba, ya tsare fenareti a gasar da suka kai ƙasarsa gaba. Sai dai ƙofar da ta buɗe masa yana ɗan shekara 18, gola na 3 a duniya bai taɓa shiga ta cikinta ba. Masu horar da yara a ko'ina sun ga wannan sun ɗauki darasi: in kana so ka sayar da gola, nemi dogo.

Wannan darasi ya fi yin ɓarna a ƙasashen da kuka ce su kuke son taimakawa. Yaron da ya tashi a gidan da abinci ba ya isa ba ya girma a kan lokaci ɗaya da ɗan masu hali. Wani sai ya kai 17 ko 18 zai miƙe. In ka auna shi yana 13, ba baiwarsa ka auna ba, aljihun ubansa ka auna. Na taɓa raka wani yarona gwaji a wata makarantar ƙwallo, yaron da duk unguwarmu an san ba a cin sa a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ko safar hannu ba a bar shi ya sa ba. Aka jera su, aka ware na dama da na hagu da ido, aka ce na hagu su dawo baɗi in sun ƙara tsawo. Bai koma ba, ƙwallon ma ya daina. Gajere ba yaro ba ne, in ji Hausawa, amma ranar an mai da shi yaro.

Yallaɓai Wenger, ku ne mutum na ƙarshe da ya kamata a yi wa dogon bayani a kan wannan. Ku kuka karɓi Thierry Henry yana ɗan wasan gefe da ya rasa kansa a Juventus kuka mai da shi mai cin ƙwallon da Arsenal ba ta taɓa yin irinsa ba. Ku kuka mayar da Kolo Touré tsakiyar baya, kuka mayar da Lauren baya ta dama, da su kuka yi kakar 2003/04 ba a doke ku ba. Ku kuka damƙa wa Santi Cazorla tsakiyar fili a ƙasar da ake taƙama da ƙarfin ƙirji, shi kuwa da Campos kusan kai ɗaya suke. Abin da Mejía Barón ya yi wa Campos shi ne sana'arku ta shekara da shekaru. Me ya sa wannan sassauci zai tsaya a bakin yadi na 18? (Na san babban masaninku a harkar tsaron gida, Pascal Zuberbühler, ƙato ne da ya doshi mita biyu, wanda aka fitar da Suwizalan a 2006 ba a zura masa ko ɗaya ba sai a fenareti. Ba na zarginsa da son kai, amma da za a zaunar da gajere kusa da shi a teburin shawara, da hirar ta fi armashi.)

Akwai kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yau in aka ambaci Campos, abin da ke fara zuwa bakin mutane riga ce. Rigunan nan masu ruwan hoda da rawaya da kore da shi da kansa yake zana su, launukan bakin tekun garinsu, manya-manya har suna yi masa yawa. Sai lamba 9 da yakan sa yana cikin raga. Sai ranar da ya fara wasa a raga a Atlante, aka sako wani gola, ya canja riga ya koma gaba ya ci Cruz Azul da bugun almakashi. Sai ranar da ya buga wa Meziko wasa da Amurka a filin Rose Bowl a 1996, aka tashi, ya sake shiri ya buga wa Galaxy a filin nan a yinin nan. Duk gaskiya ne, duk abin sha'awa ne, ni ma ina ba yara waɗannan labarai. Amma rigar ta rufe golan. An mai da shi ado, a kira shi biki ya yi murmushi a ɗauki hoto, 'yan ƙasarsu kuma suna jin daɗin barkwancinsa a sharhin wasa na tashar TV Azteca. Mutumin da ya zauna a bencin kocin Meziko Ricardo La Volpe a matsayin mataimaki a gasar 2006, wanda ya warware matsalar da duk gajeren gola a duniya ke fama da ita, ya fi ƙarfin a tambaye shi wane tela ne ya ɗinka masa riga.

Roƙona gare ku ba mai tsada ba ne. Ku rubuta a cikin ƙa'idojin makarantun da kuke buɗewa cewa ba a sallamar yaro mai tsaron gida saboda tsawo kaɗai kafin ya kai shekara 16, kuma duk wanda ya zo gwaji sai an gan shi cikin wasa na gaske, ba a layi ba. Abin da FIFA ta rubuta, ƙananan makarantu kwaikwayo suke yi, ko da ba a tilasta musu ba. Ku sa a riƙa fito da ƙananan masu tsaron gida daga raga suna buga gaba da tsakiya a kai a kai, har a wasannin gasa, ba a atisaye kaɗai ba. Dokar ƙwallo ma ba ta hana ba, ta yarda kowane ɗan wasa ya yi musaya da gola muddin an sanar da alƙalin wasa kuma wasa na tsaye. Mu ne muka ƙirƙiro wa kanmu katangar da ke tsare ɗan shekara 9 a raga har abada don kawai shi ne bai iya gudu ba, ko shi ne ya fi kowa tsawo a ajinsu. Haka nan a daina tsayar da ƙananan yara a ragar manya. Ɗan shekara 11 a ƙarƙashin ƙarfe mai tsayin mita 2.44 ba abin da zai koya sai cewa shi gajere ne, kocinsa ma abin da zai gani ke nan.

Kuna da masu nazarin alƙaluma da na'urorin da ke bin kowane taku a fili, ga gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta koma duk shekara da ƙasashe 48. Ku sa su ware mana ƙwallayen da aka ci: nawa ne suka shiga don hannun gola bai kai ba, nawa ne suka shiga don ya tsaya a inda bai dace ba, ko ya makara wajen fitowa, ko ƙafarsa ta ba da shi. Ku wallafa kowa ya gani. In alƙaluma suka nuna tef ɗin awo ne ke da gaskiya, zan karɓa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi gaggawa. Ilimin irin waɗannan mutane ba a littafi yake ba, a jikinsu yake. Pablo Larios, wanda ya tsare wa Meziko gida a 1986, wanda Campos ya ɗauko salon fita daga raga a wurinsa, ya rasu a 2019. Antonio Carbajal, mutum na farko da ya buga gasar cin kofin duniya sau 5, daga 1950 zuwa 1966, ya rasu a 2023. Campos da Pérez da Enyeama suna nan da ransu da lafiyarsu. Ku tara su a fili ɗaya da yara da kyamara na 'yan makonni, su nuna taku nawa ake fitowa, yaushe ake tsayawa, yaya ake tashi a cafke ƙwallon kwana a tsakanin ƙattai, yaushe ake naushinta. A fassara darussan zuwa harsunan da masu horar da yara ke ji, har da Hausa, a sa su inda mai ƙaramar waya zai iya saukewa.

Na gode da haƙurin karantawa. A huta lafiya.

Naku,
Wani mai koya wa yara ƙwallo a filin unguwa.